Sarki Goma, Zamani Goma: Kiristocin Damagaram da Maganar Jingina da Gwamnati

 Yau tarihi za mu taɓa, irin wanda har yanzu bai huce ba. Don haka ina roƙon arziki, a bi ni har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ni Kirista ne, haifaffen ƙasar Damagaram. Dangina da yawa Musulmi ne, tare muke zuwa suna, tare muke zaman makoki. Abin da ya sa na yi wannan rubutu wata magana ce da nake yawan ji a bakin ƴan'uwana masu bi, musamman duk sa'ad da mulki ya sake hannu a Yamai. Sai ka ji wani ya ce, "Ai da gwamnati za ta tsaya mana, da addininmu ya zauna da gindinsa." Wani ya ce sai an ba mu minista namu, wani ya ce sai manyan ƙasa sun zo majami'a ranar Kirsimeti an ɗauki hoto. A wajen maƙwabtanmu Musulmi ma akwai irin wannan tunani ta wata fuska, cewa in aka rubuta sunan addini a kundin tsarin mulki, shi ke nan an tsare shi. To, maimakon gardama a bakin kasuwa, bari mu tambayi tarihin ƙasar nan tamu: me ya riƙe masu addini a ranar da hukuma ta sake su?

Baƙin farko

Mu fara da hanyar nan da ta ratsa garinmu. Kwaltar da ta taso daga birnin Damagaram ta wuce Gure har Diffa ta jiya ce, amma hanyar kanta tsohuwa ce, ita fatake ke bi tsakanin Barno da ƙasar Hausa. A ƙarshen shekarar 1852 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ya biyo ta Gure da Mirya, ya shiga Zinder ranar 25 ga Disamba. Kafinsa, a farkon 1851, wani Baturen Ingila, James Richardson, ya yi ƴan makonni a birnin. Su biyun Kiristoci ne, kuma ba wanda ya taɓa su, domin suna cikin amanar Shehun Barno, wanda Damagaram ke kai wa gaisuwa a lokacin. Sun zo sun wuce, ba su bar mai bi ko ɗaya ba, don ba wa'azi ya kawo su ba.

Baƙon da ya fi shahara bayansu soja ne, Kyaftin Cazemajou na Faransa. An kashe shi a Zinder a watan Mayu 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, domin ana tsoron zai wuce gabas ya haɗa kai da Rabe. Shekara ta zagayo, a ƙarshen Yuli 1899, sojojin Faransa suka ci dakarun Damagaram a Tirmini, suka shiga birni. A watan Satumba aka kashe Sarki Amadu.

Tun daga nan kalmar Nasara ta ɗauki ma'ana biyu a kunnen mutanenmu: mai bin Almasihu, da kuma mai bindiga da tuta, mai karɓar haraji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta, don rabin wahalar da Kiristan ƙasar nan ya sha daga nan ta samo tushe.

Darasi daga fadar Damagaram

Kafin mu shiga labarin Kiristoci, akwai darasin da ya kamata mu ara daga wajen ƴan'uwanmu Musulmi. In akwai lokacin da Musulunci ya samu sarki mai ƙarfi a bayansa a ƙasar nan, to zamanin Sarki Tanimu ne, wanda ya rasu a 1884. Shi ya kewaye birni da ganuwa, a zamaninsa ake ƙera igwa a cikin gari, ayarin raƙuma na zuwa daga Tarabulus, ga alƙalai ga malamai a fada. Bayan rasuwarsa da shekara 15 Faransawa suka karɓe birnin. Suka naɗa Amadu ɗan Bassa, a 1906 kuma suka zarge shi da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa. Suka ɗora Bellama, wani bawan fada, ya riƙe gari. Sai a 1923 aka mayar da sarauta gidanta da naɗin Barma Mustafa. Ko a zamaninmu mun gani da idonmu: a 2001 gwamnati ta tuɓe Sarki Abubakar Sanda, sai a 2011 ya koma karagarsa.

To, a waɗannan shekaru da fada ke hannun baƙi, Musulunci ya ja da baya? Ko kusa. A zamanin Faransawan nan ne ma ya shiga ƙauyuka da dama da a da tsafi ke da ƙarfi a cikinsu. Malamin zaure ya yi wannan aiki, da gardi da almajiransa a tsangaya, da bafataken da ke shimfiɗa buzunsa a zango, da tsohon da ya kama hanyar gabas da ƙafa ya yi shekaru kafin ya ga Makka. Ba ɗayansu da ke karɓar albashin kumandan. Abin da ke cikin ƙirjin mutane da gidajensu, tuɓe rawani bai iya taɓa shi ba.

Faransa da ƴan mishan

Mutane da yawa suna zaton Faransa ce ta kawo Kiristanci ƙasar nan a bakin bindiga. Tarihi bai nuna haka ba. Ranar 9 ga Disamba 1905, shekara 6 ke nan bayan Tirmini, Faransa ta yi dokar raba gwamnati da majami'a a can gidanta, bayan doguwar rigima tsakanin ƴan siyasa da limaman Katolika. Kumandojin da aka turo mana, abin da ke gabansu haraji ne da aikin dole da kada gari ya tashi. Mai wa'azin da zai ɓata musu ran sarakuna da malamai, ba maraba suke yi da shi ba. A 1922 aka fitar da doka ga duk ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, cewa ba mai buɗe makaranta sai da izini, kuma karatun da Faransanci za a yi shi.

Ƴan mishan na farko da suka zauna a Zinder sun zo a 1924, lokacin birnin shi ne hedikwatar ƙasa, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Kuma su ba Faransawa ba ne. Ƙungiyar SIM ce, wadda samari uku suka fara a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu cikin shekara guda a ƙasar da yanzu ake kira Najeriya. Mutanenta masu jin Ingilishi ne, daga Kanada da Amurka da Ingila. Ƙasar Hausa suke nema tun farko, amma Turawan Ingila, su ma da ake kira Nasara, sun daɗe suna hana su zama a biranen sarakuna irin su Kano da Katsina da Sakkwato, saboda alkawarin da Lugard ya yi a 1903 cewa ba zai sa baki a addinin jama'a ba. Kun ji fa. Gwamnatin da ake ganin ta Kiristoci ce, ita ta tare wa mai wa'azin Kirista hanya, don zaman mulkinta ya fi mata komai.

A Zinder ƴan SIM sun yi shekaru, waɗanda suka karɓi saƙonsu ƴan ƙalilan ne. Daga baya suka buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi, inda aikin ya fi kama ƙasa, sannan wasu wurare irin su Dungas a nan kudancinmu. Katolika kuwa sun fara a Yamai a 1931, suka iso Zinder a shekarun 1940, kuma yawancin masu zuwa sujada wajensu ma'aikata ne da sojoji daga Dahome da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo, Jamus ta ci Faransa a 1940, gwamnonin nan suka bi gwamnatin Vichy har zuwa Nuwamba 1942. Dare ɗaya Ingila ta zama abokiyar gaba, iyakar Najeriya ta zama wurin tsoro. Baturen da ke jin Ingilishi, yana zaune kusa da iyaka, yana hira da talakawa da Hausar da kumandan ba ya ji, me za a kira shi in ba ɗan leƙen asiri ba? Aka sa musu ido, aka taƙaita zirga-zirgarsu. Ɗan tsirarun masu bi na lokacin sun ga da idonsu cewa Baturen da suke zaton bango ne, shi ma neman wurin jingina yake.

Abin da ya rage a hannun mutane

In hukuma ba ta ba su komai ba, me ya zaunar da abin? Na farko harshe. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Manomi ya koyi baƙaƙe a gindin bishiya, ya karanta wa matarsa da ƴaƴansa da dare a hasken aci-bal-bal, da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa. Waƙoƙin sujada da Hausa, addu'a da Hausa. Wannan ne ya sa ko Bature ya tafi hutu ko an tsare shi, sujada ba ta tsaya ba.

Na biyu jinya. An buɗe asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja a 1956, kuma har yau yawancin masu zuwa neman magani a wuraren nan Musulmi ne. Mutuncin da Kirista ya samu a idon jama'a, a bakin gadon marar lafiya ya fi samun shi.

Na uku, kuma shi ne babba, haƙurin waɗanda suka karɓa. Dattawanmu sun ba mu labarin yadda ake yi: a hana mutum gado, a raba shi da matarsa, a daina cin tuwo da shi a ƙwarya ɗaya, in ya mutu a rasa mai haƙa masa kabari. Ba kumandan da ya taɓa zuwa ya sasanta wannan. Wasu suka gaji suka koma, wasu suka tsaya. Ikilisiyar da muke gani yau jikokin waɗanda suka tsaya ne.

Amma gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta ko da ta shafe mu. Da muka rasa gwamnatin jingina, wasunmu sun mayar da mishan ɗin kanta gwamnati. Aiki wajen Bature, magani wajen Bature, kuɗin ginin majami'a wajen Bature, hukuncin rigimar aure ma wajen Bature. Mishan ɗin kuma ta daɗe tana jan ƙafa wajen buɗe lakwal ta Faransanci, har ƴaƴan masu bi suka makara a boko. Sunan "ɗan mishan" ya manne mana, kamar mu ba ƴan gari ba ne. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Bayan ƴancin kai

Ranar 3 ga Agusta 1960 aka samu ƴancin kai a ƙarƙashin Diori Hamani, kundin tsarin mulki ya ce ƙasa ba ta da addinin hukuma. A daidai wannan lokaci masu bi na ɓangaren SIM suka kafa ikilisiyarsu ta ƴan ƙasa, wadda aka sani da EERN. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya karɓi mulki, kuma a shekarar aka kafa Ƙungiyar Musulunci ta Nijar, guda ɗaya tilo, a ƙarƙashin idon gwamnati. A nan akwai abin lura ga duk mai roƙon hukuma ta riƙe masa addini. Gwamnati ta ba wa malamai matsayi, ta ba su fili a rediyo, amma ita ke faɗin wanda zai yi magana da inda zai tsaya. Wanda ya ba ka doki bai cika sakar maka linzami ba.

Taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wanda ɗan Damagaram, marigayi Farfesa André Salifou, ya jagoranta, shi ya buɗe ƙofa. Ƙungiyoyin Musulunci suka yawaita, majami'u iri-iri ma suka yawaita. Aka yi ta ja-in-ja a kan kalmar "laïcité", wadda wasu ke fassarawa da rashin addini. Kundin 1992 ya kauce mata, ya ce gwamnati ba ta bin ɓangaren wani addini. Na 2010 ya rubuta raba gwamnati da addini a aya ta 3, ya kuma ba kowa ƴancin yin ibadarsa.

Takarda ta yi kyau. Amma mu ƙirga: daga ƴancin kai zuwa yau an yi juyin mulki sau 5, a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Mun kai jamhuriya ta bakwai, ita ma a Yuli 2023 aka jingine kundinta. Tsohon da aka yi wa baftisma zamanin Diori ya ga duk wannan da ransa. Da a ce bangaskiyarsa a kan wata aya ta kundi take zaune, sau nawa ke nan da ta zube? Sarki goma, zamani goma.

Ranar da miya ta ƙare

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A Nuwamba 2000, fushi a kan bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ya sauka a kan majami'a da gidan mishan a Maraɗi. Ranar 14 ga Satumba 2012, saboda wani fim na ɓatanci da aka yi a Amurka, aka farfasa majami'ar Katolika ta Zinder bayan sallar Juma'a. Sai kuma babbar, wadda duk mai hankali a ƙasar nan yake tunawa.

Ranar 7 ga Janairu 2015 aka kashe mutum 12 a harin ofishin mujallar Charlie Hebdo a Paris. Ranar 11 ga wata Shugaba Mahamadou Issoufou ya shiga jerin gwanon shugabanni a can. Ranar 14 mujallar ta sake buga zanen Annabin Musulunci, abin da ya ƙona ran Musulmi ko'ina, mu ma da muke zaune da su mun san zafin da suka ji. Ranar Juma'a 16 ga wata Zinder ta kama wuta. Aka ƙone gidan raya al'adun Faransa, aka bi majami'u, aka shiga makarantar mishan da yawancin ɗalibanta ƴaƴan Musulmi ne, aka fasa gidaje da shagunan Kiristoci. Mutum 5 suka mutu, an tsinci gawar ɗaya a cikin majami'ar da ta ƙone. Washegari Asabar abin ya koma Yamai, can ma mutum 5, kuma ƴan sanda suka ce an ƙone majami'u 45. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3, shugaban ƙasa ya ce masu wannan aiki ba su fahimci Musulunci ba.

Yanzu mu koma kan kalmar nan ta Nasara da na ce ku riƙe. Masu zanen nan na Paris ba su da addini, sun sha yi wa Almasihu da Paparoma irin wannan cin mutunci. Shugaban da ya je jerin gwano Musulmi ne. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma da fushin Faransa da fushin gwamnati suka rasa inda za su sauka, sai suka sauka a kan talakan da ake gani ɗan gatan su biyun ne. An bar jaki ana dukan taiki. Haka aka sake yi a Maraɗi a tsakiyar Yuni 2019: majalisa na shirin amincewa da dokar tsara ayyukan ibada, aka kama wani limami da ya soki dokar, dare bai raba ba aka ƙone wata majami'a. To, ɗan'uwa mai neman a ƙara ganinmu kusa da masu mulki, ka ga abin da zaton kusanci kawai ya jawo mana, balle a ce da gaske ne.

A ranar nan ta Juma'a, kundin 2010 yana nan da ayarsa ta 3, ba a goge ko harafi ba. Bai kashe wutar ba. Abin da ya tsirar da rayuka da yawa a sa'o'in farko maƙwabta ne, Musulmin da suka buɗe ƙofa suka shigar da mata da yara cikin ɗakunansu, suka tsaya a zaure suka ce ba kowa a nan. Daga baya sojoji suka kwashi ɗaruruwan mutane zuwa bariki, kuma a nan dole a yaba, hukuma ta yi aikin da yake nata, ko da ta makara. Bayan ƙura ta lafa, masu bi suka ci gaba da taruwa, wasu a cikin gidaje, wasu a tsakanin bangayen da suka yi baƙi da hayaƙi. Shugabannin Katolika da na sauran ikilisiyoyi suka yi kira a yafe, kada kowa ya ɗauki fansa. Ba wata doka da ta tilasta wa mutum ya yafe wa wanda ya ƙone masa gida. Daga wani wuri dabam wannan ya fito.

Ba mu kaɗai ba

Misali biyu daga gabas za su ƙara mana haske. A ƙasar Nuba, wato Sudan ta yanzu, sarakuna suka karɓi Kiristanci tun ƙarni na 6, ya zama addinin fada shekaru ɗaruruwa. Sarki ke gina majami'u, manyan limamai kuma daga Iskandariya ta Masar ake naɗo su. Da sarauta ta yi rauni, a 1317 aka mayar da wani babban gini na Dongola masallaci, wajen 1500 kuma birnin Soba ya faɗi. A shekarun 1520 wani limami ɗan Fotugal da ke Habasha ya rubuta cewa mutanen Nuba sun aiko suna roƙon a tura musu limamai, ba a samu ba. Dalilan ɓacewar ikilisiyar suna da yawa, amma babba a ciki shi ne ta saba komai daga sama yake zuwa. Yau sai masu tonon tarihi ke fito da bangayenta daga cikin yashi.

Na biyu a kudancin Habasha, ƙasar Wolaita, kuma ƙungiyar nan ta SIM da ta zo Zinder ita ke aiki a can. A 1937 sojojin Italiya suka kori ƴan mishan duka, suka bar masu baftisma da ba su kai 50 ba. Aka yi wa shugabanninsu bulala, aka ɗaure wasu. Da ƴan mishan suka dawo bayan an kori Italiya, sai suka tarar da dubban masu bi da majami'u barkatai a ƙauyuka. Manoma ne suka riƙa bi gida-gida suna faɗa wa ƴan'uwansu, ba Bature, ba sarki.

To, me ya rage wa gwamnati?

Na san wani zai ce, "Malam, faɗa da baki sauƙi gare ta. In hukuma ba ta tsare mu ba, ai wata rana ba wanda zai rage ya yi bangaskiyar." Wannan magana gaskiya ce, kuma ban ce a yafe wa gwamnati bashin da ke kanta ba. Muna biyan haraji, ƴaƴanmu na cikin soja, suna koyarwa a lakwal, suna aiki a asibiti. Haƙƙinmu ne a tsare ranmu da dukiyarmu, a hukunta wanda ya ƙone wurin ibada, ko majami'a ce ko masallaci, a ba mu takardar fili da wurin binne matattunmu kamar kowa. Wannan mu neme shi da babbar murya, a matsayinmu na ƴan ƙasa, tare da duk Musulmin da ke son adalci, kuma suna da yawa.

Abin da nake ja a kai shi ne a ɗauki aikin zuciya a miƙa wa ofis. Gwamna ba zai tashe ka addu'ar asuba ba. Minista ba zai koya wa ɗiyarka karanta Littafi ba. In albashin fasto a aljihun ɗan siyasa yake, ranar da ɗan siyasar ya yi zalunci bakin faston a rufe yake. In rufin majami'a sai an jira baƙi daga waje, ranar da suka daina zuwa ruwa zai same mu a zaune. Mu fitar da zakkarmu da baikonmu ko da tiya ɗaya ce ta gero, mu riƙe namu da hannunmu. Mu kuma riƙe zumunci: a gan mu wajen suna da jana'iza, a gan mu da barka da salla, a gan mu ranar gayya da ranar gyaran rijiya. Ƙofofin da suka buɗe a Janairu 2015, gaisuwar shekara da shekaru ce ta buɗe su. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma a unguwa ake ƙulla shi tun kafin rana ta ɓaci.

Mu mutanen Gidimuni mun san bambancin gero da dabino. Gero sama yake kallo, in hadari ya yi ƙarya shekarar ta tafi. Dabinon bakin tafkinmu kuwa saiwarsa ta kai ga ruwan ƙasa, shi ya sa ya ga fari sau da yawa yana nan tsaye. Kowa ya duba nasa, Kirista da Musulmi, ya ga inda yake shan ruwa.

Dattawan da suka ga wasu daga cikin waɗannan abubuwa da idonsu, in akwai gyara ko ƙari, a taimaka mana da shi, don yara su ji daga bakinku. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da Damagaram da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.